Wabi, Sikila da Zazzaɓi: Yadda Ya Kamata a Ƙirga Ciwon da Ke Komowa

Tun kafin zuwan asibiti Hausawa sun lura da wani abu game da mutuwar ƙananan yara, har suka ba shi suna. Akan sami mata a unguwa ɗaya, suna shan ruwan rijiya ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya, 'ya'yan mafi yawansu suna rayuwa, amma guda daga cikinsu duk wanda ta haifa sai ya koma kafin a yaye shi. Ita ce ake ce wa mai wabi. Idan ta sake haihuwa akan laƙaba wa jaririn suna irin su Ajuji ko Ayashe, a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko Allah ya sa ya tsaya. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan al'ada, abin da aka gina ta a kansa gaskiya ne: mutuwar yara ba ta rarrabuwa daidai wa daida a tsakanin gidaje, takan taru ne a wasu ɗakuna. A shekarar 1990 wata masaniyar ƙidayar jama'a mai suna Monica Das Gupta ta buga sakamakon binciken da ta yi a ƙauyukan Panjab ta ƙasar Indiya. Ta gano cewa iyalai kimanin kashi 13 cikin ɗari su ne suka yi asarar kimanin kashi 62 cikin ɗari na dukkan yaran da suka rasu.

Abin takaici shi ne, wannan gaskiya da tsofaffi suka sani takan ɓace wa mai bincike idan ya zauna yin lissafi. Sai ya jera marasa lafiya yana ƙirga su kamar goro a huhu, kowane ɗaya daidai yake da ɗan'uwansa, kuma babu ruwan wani da wani. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, irin wannan ƙirge kuskure ne mai tsada, domin da shi ake yanke hukuncin maganin da za a saya da wanda za a bari. Cututtukan da suka fi addabar ƙasar Hausa, kamar zazzaɓin cizon sauro da sikila da gudawar yara, duk masu komowa ne, masu bin dangi ko bin gari. Saboda haka ilimin ƙirga su yadda ya dace ya fi wajaba a kan ɗaliban wannan yanki fiye da na ko'ina.

Lissafin Lokaci

A binciken likitanci, tambayar ko mutum ya kamu da ciwo ba ta wadatarwa. Ana bukatar sanin yaushe ya kamu. Maganin da ya jinkirta makanta shekara 5 ya yi aiki, ko da daga baya idon ya mutu. Wannan ne ya haifar da wani reshe na ilimin ƙididdiga da ke nazarin tsawon lokacin da ake ɗauka kafin wani abu ya auku, mutuwa ce, ko warkewa, ko dawowar ciwo. Tushensa ya daɗe. A shekarar 1662 wani ɗan kasuwa a Landan, John Graunt, ya tattara takardun mace-macen birnin ya fitar da ƙiyasin yadda mutane ke raguwa da shekaru. A 1693 masanin taurari Edmond Halley ya yi amfani da bayanan haihuwa da mutuwa na birnin Bireslau ya tsara jadawalin tsawon rai.

Babbar matsalar wannan lissafi ita ce guntun labari. Mai bincike yakan fara bin yara, sai wasu iyalai su tafi cin-rani, wasu su daina zuwa, wasu kuma binciken ya ƙare suna nan lafiya lau. Ba a san ranar da waɗannan za su kamu ba, amma an san sun kai wani lokaci ba su kamu ba, kuma wannan ma ilimi ne da bai kamata a zubar ba. A shekarar 1958 Edward Kaplan da Paul Meier, a Amurka, suka fito da hanyar amfani da shi. Ga misali mai sauƙi. A ce ana bin yara 10. A wata na 2 yaro guda ya kamu da zazzaɓi, ke nan 9 cikin 10 sun tsallake. A wata na 3 yara biyu suka ƙaura, saura 7. A wata na 5 wani ya kamu, ke nan 6 cikin 7 sun tsallake. Idan aka ninka 9/10 da 6/7 za a sami kimanin kashi 77 cikin ɗari, wato rabon da ake sa ran zai wuce wata na 5 ba tare da zazzaɓi ba. Yaran da suka ƙaura sun shiga lissafi muddin suna nan, sun fita da suka tafi.

A 1972 kuma David Cox na Ingila ya kawo tsarin da ke gwada ƙarfin haɗari tsakanin rukunoni biyu a kowane lokaci, tare da la'akari da abubuwa kamar shekaru da jinsi. Waɗannan hanyoyi biyu su ne ginshiƙin fannin har yau. Sai dai dukkansu, a surarsu ta asali, suna da sharaɗi guda: lokacin da abu ya faru ga wannan mutum ba ya ba da labarin lokacin da zai faru ga wancan. A nan gizo ke saƙa.

Inda Sharaɗin Ke Karyewa

Hausawa na cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A harkar lafiya, lokutan aukuwar ciwo sukan ƙullu da juna ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce tarayya a jini ko a muhalli, kamar 'ya'yan ɗaki ɗaya, ko tagwaye, ko yaran ƙauyen da ke bakin fadama. Ta biyu ita ce tarayya a jiki guda, kamar idanu biyu, ƙoda biyu, ko haƙoran baki ɗaya. Ta uku ita ce komowar ciwo ga mutum guda, yau ya kwanta, ya tashi, bayan wata biyu ya sake kwantawa.

Illar mantawa da wannan ƙulli tana fitowa fili da ɗan lissafi. A ce mai bincike ya zaɓi ƙauyuka 20, ya raba gidan sauro a 10, ya bar 10, yana bin yara 50 a kowane ƙauye. A takarda yana da yara 1,000. To amma yaran ƙauye guda sauro ɗaya ke cizon su, kududdufi ɗaya ke kusa da su, saboda haka yaro na 50 bai ƙara wani sabon labari mai yawa a kan na 49 da suka gabace shi ba. Masanin ƙididdiga Leslie Kish ya bayyana ma'aunin wannan asara a littafinsa na 1965. Ana ɗaukar yawan yaran kowane ƙauye a rage 1, a ninka da ƙarfin kamannin da ke tsakaninsu, sannan a ƙara 1. Idan kamannin bai wuce 0.05 ba, wanda a ido ƙarami ne, lissafin zai zama 49 sau 0.05 a tara da 1, wato 3.45. Idan aka raba 1,000 da 3.45, za a ga shaidar da ke hannun mai binciken daidai take da ta yara kimanin 290 waɗanda ba su haɗa komai ba. Wanda bai yi wannan gyara ba zai yi shelar tabbacin da bai mallaka ba, kuma abin da dace ne kawai ya haifar sai a ɗauka nasarar magani ce.

Kuskuren yakan juya ta ɗaya gefen ma. A farkon shekarun 1970 Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Amurka ta gudanar da babban gwaji a kan lalacewar bayan ido da ciwon sukari ke haddasawa. An ɗauki majiyyata 1,758. Kowane mutum an yi ƙuri'a tsakanin idanunsa, guda aka yi masa aiki da haske mai ƙona jijiyoyin jinin da suka tsiro ba bisa ƙa'ida ba, ɗayan aka bar shi, sannan aka jira a ga wanda zai riga rasa gani. Sakamakon da aka fara bayyanawa a 1976 ya nuna aikin ya rage haɗarin mummunar rasa gani da rabi ko fiye. Hikimar tsarin ita ce, idanun biyu sukari ɗaya ke cin su, shekarunsu ɗaya, hawan jininsu ɗaya, don haka bambancin da ya bayyana tsakaninsu na aikin ne. Mai lissafin da ya warware idanun ya ƙirga su kamar na mutane daban-daban ya zubar da wannan riba, sai shakkarsa ta fi wadda ta kamata. Ke nan idan aka bai wa rukuni duka magani ɗaya, mantawa da ƙulli yakan jawo tabbacin ƙarya. Idan kuwa aka bambanta magani a cikin rukuni, yakan jawo shakkar da ba ta da dalili.

Ciwon da Ke Komowa

Dabarar da masu bincike da yawa ke yi don kauce wa wannan rikici ita ce su ƙirga karo na farko kawai. Da zarar yaro ya yi zazzaɓin farko sai a rufe shafinsa. Lissafin yakan fita tsaf, amma a dubi abin da ake zubarwa. A 1991 an buga sakamakon gwajin wani magani mai suna intaferon gamma a kan wata cutar gado da ke hana fararen ƙwayoyin jini kashe wasu ƙwayoyin cuta. Majiyyata 128 ne, 63 suka sami maganin, 65 suka sami allurar da ba ta da sinadarin. Waɗanda suka kamu da mummunar cuta aƙalla sau ɗaya su 14 ne a rukunin farko, 30 a na biyu. Da aka ƙirga dukkan kamuwa, har da maimaici, sai aka sami 20 da 56. Jimilla 76 ke nan, amma mai ƙirga karon farko 44 kaɗai zai gani. Sauran 32, kowannensu wahala ce ta gaske ga majiyyaci da iyayensa, ba su shiga littafinsa ba.

Sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini, ta fi kusa da gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa a Nijeriya kaɗai ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu wannan cuta a kowace shekara. Wani babban bincike a Amurka, wanda Orah Platt da abokan aikinta suka buga a 1991, ya nuna cewa kimanin kashi 39 cikin ɗari na masu sikila ba a gan su da tashin ciwo ba a tsawon lokacin da aka bi su, alhali wasu 'yan kaɗan, kimanin kashi 5 cikin ɗari, su ne ke da kusan kashi ɗaya bisa uku na dukkan tashin ciwon da aka rubuta. Matsakaicin adadi a nan yaudara ne, domin ya haɗa wanda ke zaune lafiya da wanda asibiti ya zame masa gida. Da aka gwada maganin haidiroksiyuriya a kan manya 299, aka buga sakamako a 1995, masu binciken sun kawo ma'auni fiye da ɗaya. Tashin ciwo a shekara ya sauko daga 4.5 zuwa 2.5. Jiran tashin farko ya ƙaru daga wata 1.5 zuwa wata 3, na biyu kuma daga wata 4.6 zuwa wata 8.8. Uwar mai sikila za ta fi gane waɗannan alƙaluma, domin damuwarta ita ce sau nawa za a kwana a asibiti a bana.

Haka abin yake ga rigakafin zazzaɓin cizon sauro. An gwada allurar RTS,S tsakanin 2009 da 2014 a kan yara fiye da 15,000 a ƙasashen Afirka 7, ciki har da Gana da Burkina Faso. A cikin yaran da aka fara yi wa allurar suna wata 5 zuwa 17, kuma suka sami allura huɗu, yawan zazzaɓi ya ragu da kimanin kashi 36 cikin ɗari a tsawon kusan shekara 4. Wanda ya ji kashi 36 zai iya taɓe baki. To amma da aka ƙirga dukkan karon zazzaɓin da aka kauce wa, an sami kimanin 1,774 a kan kowane yara 1,000. Adadin ya zarce yawan yaran ne saboda a inda sauro ya yi katutu yaro guda yakan kwanta sau da dama. Ƙirgen karon farko ba zai taɓa iya fito da wannan adadi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar a 2021, ta amince da ta biyu mai suna R21 a 2023, kuma a watan Disamba na 2024 Nijeriya ta fara yi wa yara R21 a jihohin Kebbi da Bayelsa. Duk wanda zai auna amfanin wannan aiki a ƙasar Kabi dole ya iya lissafin ciwo mai komowa.

Ɓoyayyen Rauni

Masana sun fito da hanyoyi da dama na magance ƙullin. Wata hanya ita ce a bar ƙiyasin amfanin magani yadda yake, a gyara ma'aunin shakkar da ke tattare da shi, ta yadda za a ɗauki kowane gida ko ƙauye ko mutum a matsayin shaida guda. Ayyukan Wei da Lin da Weissfeld na 1989 suna cikin wannan layi. Wata hanyar, ta Andersen da Gill a 1982, tana mayar da majiyyaci cikin sahun masu jira bayan kowane karo, sai a ƙirga duk faɗuwarsa. Ta Prentice da Williams da Peterson kuwa, a 1981, tana ware karo na farko daban, na biyu daban, bisa hujjar cewa ba mai shiga haɗarin karo na biyu sai wanda ya riga ya yi na farko.

Hanyar da ta fi kusa da tunanin mai ilimin halittu ita ce ta ɓoyayyen rauni. David Clayton ya aza harsashinta a 1978 lokacin da yake nazarin yadda cuta ke bin dangi, sannan a 1979 James Vaupel da Kenneth Manton da Eric Stallard suka yaɗa ta a fagen ƙidayar jama'a. Ma'anarta ita ce kowane mutum ko iyali yana ɗauke da wani rabo na rauni da ba a auna ba, wanda ke ninka haɗarinsa. Sikila ta ba da kyakkyawan misali. Idan uba da uwa duk suna ɗauke da rabin ƙwayar halittar cutar, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4 na zuwa da sikila, kuma abin da ya faru a cikin farko ba ya canza na biyu. Amma wanda bai san jinin iyayen ba, idan ya ga an haifi mai sikila a wani ɗaki, ya sami dalilin zaton na gaba ma yana cikin haɗari. Abin da ya haɗa 'ya'yan shi ne iyayen. Ba kowane wabi ne sikila ba, domin gurɓataccen ruwa da rashin abinci da haihuwa kusa-kusa duk suna iya zama raunin da ɗaki ɗaya ya yi tarayya a kansa, amma siffar lissafin guda ce.

Ɓoyayyen rauni yana iya ruɗar da mai bincike ta wata fuskar da ba a zato. A ɗauki yara 200. Guda 100 suna zaune a bakin fadama, haɗarin zazzaɓinsu kashi 40 cikin ɗari ne kowane wata. Sauran 100 suna kan tudu, nasu haɗarin kashi 10 ne. A watan farko 40 da 10 za su kamu, wato 50 cikin 200, kashi 25. Mai ƙirga karon farko ya cire su, saura 60 da 90. A wata na biyu 24 da 9 za su kamu, wato 33 cikin 150, kashi 22. A wata na uku adadin zai sauko zuwa kimanin kashi 19. Mai kallo zai ce haɗari yana raguwa, alhali babu yaro ko ɗaya da haɗarinsa ya canza. Masu rauni ne suka riga faɗuwa aka tsame su, aka bar masu ƙarfi. Irin wannan tacewa tana iya sa a ga kamar ƙarfin rigakafi yana dusashewa fiye da yadda yake a zahiri, domin a rukunin da ba a yi wa allura ba masu rauni sun fi saurin fita daga sahu.

Wani lokaci ma ƙullin kansa shi ne abin nema. Binciken tagwayen ƙasar Denmak da aka haifa tsakanin 1870 da 1900, wanda aka buga a 1996, ya gwada kamannin tsawon ran tagwaye masu kama ɗaya da na waɗanda ba su yi kama ba. Ya nuna gado yana da alhakin kimanin kashi ɗaya bisa huɗu ne kawai na bambancin tsawon rai a tsakaninsu, sauran na muhalli ne da yanayin rayuwa.

Hujjojin Masu Ja

Akwai masu ganin a tsaya ga ƙirgen karon farko, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Suna cewa ƙuri'ar da aka yi a farkon gwaji ita ce ke daidaita rukunoni biyu. Bayan karon farko kuwa, waɗanda suka kamu duk da sun sha magani ba irin waɗanda suka kamu ba tare da magani ba ne, don haka gwada su a karo na biyu ba adalci. Wannan gaskiya ne, kuma gargaɗi ne ga duk mai ware karo na biyu daban. Amma bai hana a ƙirga jimillar kwanciyar kowane yaro tun daga ranar ƙuri'a ba, domin wannan ƙirgen bai taɓa daidaiton rukunonin ba.

Suna kuma cewa mutuwa tana rikita lissafin maimaici. Wanda ya rasu ba zai sake kwanciya a asibiti ba, saboda haka maganin da ke kashe masu tsananin ciwo zai iya fitowa a takarda kamar mai rage kwanciya. Wannan ma haka ne, kuma maganinsa shi ne a riƙa kawo alƙaluman mutuwa gefe da gefe da na maimaici, ko a haɗa su a tsari guda. Akwai kuma wahalar sanin ko zazzaɓin da ya dawo bayan kwana 10 sabo ne ko na da ne bai warke ba. Masu bincike sukan yanke wa'adi, sau da yawa mako 2, su ce duk abin da ya faɗo a cikinsa karo ɗaya ne. Muhimmin abu shi ne a rubuta wannan ƙa'ida tun kafin a ga sakamako.

Hujja ta ƙarshe ita ce waɗannan hanyoyi suna da wuya, kuma na'ura mai ƙwaƙwalwa takan fitar da amsa ko da tambayar ba ta da ma'ana. Ba shakka. Sai dai wuyar lissafi ba ta sauya halin cuta. Zazzaɓi zai ci gaba da komowa ko an iya lissafinsa ko ba a iya ba. Abin da ya dace shi ne mai bincike ya fara tantance tambayarsa. Idan yana son sanin ko magani yana hana kamuwa gaba ɗaya, karon farko ya ishe shi. Idan yana son sanin gadaje nawa za a bukata a asibiti da damina, dole ya ƙirga kowane karo.

Abin da Ya Rage ga Makarantu da Asibitoci

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da shahararren bincike a kan zazzaɓin cizon sauro a gundumar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuma tana Jihar Jigawa. An riƙa ɗibar jinin mutanen ƙauyuka kowane mako 10, ana rubuta sakamakon kowane mutum a ƙarƙashin lambarsa. An yi feshin maganin sauro a ɗakuna, an raba magunguna, cutar ta ragu sosai amma ba ta yanke ba, kuma ta dawo bayan an daina. Rahoton da Molineaux da Gramiccia suka buga a 1980 ya zama abin dogaro ga masu lissafin yaɗuwar wannan cuta a duniya. Darajarsa ta samo asali ne daga abu mai sauƙi: mutum guda, lamba guda, kwanan wata a rubuce, shekara da shekaru.

Wannan shi ne abin da ya kamata ƙananan asibitoci su riƙe. Inda majiyyaci ke yankar sabon kati duk zuwa saboda tsohon ya ɓace, yaro guda da ya zo sau 6 zai bayyana a rajista kamar yara 6 da suka zo sau ɗai-ɗai. Babu gwanin ƙididdigar da zai iya gyara wannan daga baya. Kuma wanda aka fi cuta shi ne yaron, domin zuwansa sau 6 alama ce da ya kamata ta sa a auna jininsa, a tambayi inda yake kwana, a duba ƙannensa. Lamba ɗaya ga kowane majiyyaci, da sunan unguwa, da alamar gidan da ya fito, da cikakken kwanan wata, ba su bukatar kuɗi mai yawa.

Malaman sakandare kuma suna da nasu rabon. An daɗe ana barin ɗalibai su ɗauka cewa ilimin halittu mafaka ce ga mai gudun lissafi. Wannan tunani ne ke samar da likita ko jami'in lafiya da ba ya iya tantance rahoton da aka ɗora masa a tebur. Malami zai iya koyar da duk abin da ke cikin wannan maƙala da rajistar ajinsa. Ya sa ɗalibai su ƙirga ranakun fashi saboda rashin lafiya a zango guda, a sakaya sunaye, sannan su amsa tambayoyi uku: ɗalibai nawa ne suka yi fashi aƙalla sau ɗaya, fashi nawa aka yi jimilla, kuma kashi nawa na jimillar ke wuyan mutum biyar da suka fi kowa? Amsoshin za su bambanta, kuma a cikin bambancin darasin yake.

Ɗalibin da ya saba da wannan, duk ranar da ya ji an ce an gwada magani a kan mutum 1,000, zai tambaya daga gidaje nawa suka fito, daga ƙauyuka nawa, an ƙirga karon farko ne ko duka, kuma me aka yi da waɗanda suka rasu ko suka ƙaura. Kakanninsa da suka ware mai wabi daga sauran mata sun riga sun gane cewa ɗaki ma abin ƙirgawa ne. Abin da ya rage ga jikokinsu shi ne su koyi auna wannan gaskiya da alƙaluma, su gano ɗakin da haɗari ya taru tun kafin a kai ga raɗa wa jariri suna Ajuji.